Addu'a da Gadi: Sa'ad da Naƙuda Ta Taso Tun Wata Bai Cika Ba

Yau za mu yi magana a kan wani abu da yakan shigo gida ba sallama, yawanci da dare. Mace tana da cikin wata bakwai ko takwas, ba a gama shirin haihuwa ba, sai ta ji mararta tana ɗaurewa, bayanta yana ciwo, ko ta ga ruwa yana zuba. Nan da nan gida ya rikice. Wani ya ce a kira fasto, wata ta ce a jira gari ya waye, ita kuwa mai cikin tsoro ya hana ta magana. Me ya kamata gidan masu bi ya yi a wannan sa'a?

Darasinmu yana cikin Littafin Nehemiya, sura 4. Mutanen Allah suna gina garun Urushalima, aiki ya kai rabi, sai Sanballat da Tobiya da abokansu suka ƙulla za su kawo musu hari. Nehemiya da jama'arsa suka yi abu biyu a rana ɗaya. Suka kai kukansu ga Allah, suka kuma zuba masu gadi, ba dare ba rana. Littafi Mai Tsarki bai zarge su da rashin bangaskiya don sun sa masu gadi ba. Ciki ma gini ne wanda bai ƙare ba tukuna. Idan haɗari ya taso masa, sai mu yi yadda Nehemiya ya yi: bakinmu yana addu'a, ƙafarmu tana kan hanyar asibiti.

Mu fara da sanin lissafi

Ma'aikatan lafiya suna lissafin ciki da mako, daga ranar farko ta al'adar mace ta ƙarshe. Cikakken ciki yakan kai wajen mako 40. Jaririn da aka haifa kafin mako 37 ya cika, wato wajen wata takwas da rabi, shi ne ake cewa ya zo kafin lokaci. Mu a gida mukan ce masa bakwaini, ko da ba a wata bakwai daidai ya zo ba. Wannan abu ba a gidanku kaɗai yake faruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu, wato kusan ɗaya daga cikin kowane goma. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan irin wannan haihuwa.

Me ya sa 'yan makonnin nan na ƙarshe suke da muhimmanci haka? Domin a cikinsu ne huhun jariri yake ƙosawa. Akwai wani ruwa mai santsi da huhu yake yi, wanda yake hana shi mannewa idan jariri ya fitar da numfashi, jaririn da ya zo da wuri kuwa bai tara isasshe ba. A makonnin nan ne kuma yake yin kitsen da zai riƙe masa ɗumi, yana koyon tsotso da haɗiya tare da numfashi, abin da yakan daidaita wajen mako 34. Akwai wata magana da ake yi a wurare da yawa, wai ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. 'Yan'uwa, wannan magana ba gaskiya ba ce. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki, ƙarfi ne ya ƙaru masa.

Yadda za a gane abin da ke faruwa

Ba kowace ɗaurewar ciki ce naƙuda ba. Tun daga tsakiyar ciki, mahaifa takan ɗaure ta saki jefi-jefi, kamar mai gwada ƙarfinta. Irin wannan ba ta da tsari, ba ta ƙaruwa, kuma takan lafa idan mace ta huta ko ta sha ruwa. Naƙuda ta gaske tana zuwa a jere, tana ƙara matsowa kusa da kusa, tana ƙara ƙarfi, kwanciya kuma ba ta tsayar da ita. Sau da yawa tana zuwa tare da ciwon ƙugu, da ciwon mara irin na al'ada, da jin nauyi a ƙasa kamar jariri yana turowa, ko fitowar majina mai ɗan jini.

'Yar'uwa, idan kin ji cikinki yana ɗaurewa, ki ajiye aikin da kike yi. Ki yi fitsari, ki sha ruwa kofi biyu ko uku, ki kwanta a gefenki na hagu. Ki ɗora hannu a kan cikin, wani ya riƙe miki agogo ko waya, a ƙirga sau nawa ya yi tauri. Idan ya kai sau huɗu ko fiye a cikin awa ɗaya, kuma bai lafa ba, a kama hanya. Idan ƙauyenku yana da nisa da asibiti, ko damina ta ɓata hanya, ba sai an jira awa ta cika ba.

Akwai kuma alamun da ba a yi musu ƙirge ko kaɗan. Idan faya ta fashe, ko ruwa yana ɗiga kaɗan-kaɗan ba ya tsayawa. Idan an ga jini. Idan motsin jariri ya ragu ko ya tsaya. Idan akwai zazzaɓi. Idan akwai ciwon kai mai tsanani, ko ido yana ganin dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko jijjiga ta kama ta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne.

A wannan lokaci kada a ba ta jiƙo ko sassaƙe. Kada a danna mata ciki, kada kowa ya sa hannu don ya duba, musamman idan faya ta fashe, gama ta haka ƙwayar cuta take samun hanya zuwa wurin jariri. Kada a kira mai kemis ya yi mata allura. Kada kuma a kai ta gidan addu'a a kwantar da ita can. Masu addu'a su biyo ta asibiti, Allah yana jin addu'a a bakin ɗakin haihuwa kamar yadda yake ji a majami'a.

Me ya sa ake gaggawa?

Wani zai ce, idan jariri zai zo, ai zai zo, me asibiti za ta ƙara? Za ta ƙara abu mai yawa, amma sai an isa da wuri. Da farko za a duba bakin mahaifa ko ya fara buɗewa, a saurari bugun zuciyar jariri, a auna jinin uwa, a gwada fitsari da zazzaɓin cizon sauro. Sau da yawa a nan ake gano tushen abin. Ciwon mafitsara da zazzaɓi suna iya tayar da mahaifa, idan aka yi maganinsu sai ta kwanta.

Idan kuwa an ga haihuwa tana kusa, kuma cikin yana tsakanin mako 24 da 34, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun jariri ya yi saurin ƙosawa. Sunanta dexamethasone, akan yi ta sau huɗu, awa 12 tsakani. An gwada ta a asibitocin ƙasashe biyar, wato Nijeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangladesh, aka kuma buga sakamakon a shekarar 2020: ta rage mutuwar jariran da suka zo da wuri. To, allurar tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki. Shi ya sa likita yakan ba da wani magani, kamar nifedipine, don ya ja wa naƙuda birki na kwana biyu. Idan cikin bai kai mako 32 ba, akan ƙara da magnesium sulfate don kare ƙwaƙwalwar jariri. Idan faya ta fashe, akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duk wannan aikin asibiti ne, inda aka san adadin makonni, aka tabbatar uwa ba ta da cuta a mahaifa. Kada wani ya ji sunan magani a rediyo ya je ya sayo da kansa.

Kun ga ke nan, daren da aka kwana a gida ana jiran gari ya waye, shi ne daren da allurar take bukata. Isa da wuri kuma yana ba da zarafi, idan ƙaramin asibiti ba shi da kayan kula da bakwaini, a tura uwa babban asibiti tun jariri yana ciki. Babu kwalbar da ta fi cikin uwa kyau don yin tafiya.

Ga albishir kuma. Mata da yawa da suka je asibiti da irin wannan tsoro ba sa haihuwa a ranar, ko a makon. Wasu naƙudar takan tsaya da kanta, har su kai wata tara lafiya. Idan an duba ki an ce ki koma gida, kada ki ji kunya, kada kuma maigida ya ce an yi asarar kuɗin mota. Mai gadin da ya tashi don ya ji motsi, ya tarar akuya ce, ya yi aikinsa daidai.

Zuwa asibiti rashin bangaskiya ne?

Mun san akwai masu koyar da haka. Amma mu duba Maganar Allah. A cikin Luka sura 4, Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, har ya jawo masa aya daga Zabura. Yesu ya ƙi, ya nuna mana cewa jefa kai cikin haɗari da gangan gwada Allah ne. A cikin Ishaya sura 38, Allah ya riga ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, manzo Bulus kuwa ya ambace shi da ƙauna. A cikin Fitowa sura 1, Allah ya sa wa ungozomai biyu albarka, Shifra da Fu'a, domin sun ceci ran jarirai.

Tarihin ikkilisiyoyinmu ma shaida ne. Mutumin da ya kai Bishara Numan a shekarar 1913, Dokta Bronnum, likita ne. A Vom an kafa asibitin mishan tun 1922. Iyayenmu sun karɓi Bishara da magani daga hannu ɗaya, ba su ga saɓani a tsakani ba.

Akwai wani nauyi kuma da muke so mu sauke daga kan 'yan'uwanmu mata. Idan irin wannan ya faru, zuciya takan fara tambaya: wane zunubi na yi? Wasu a gida sukan fara zargin kishi, ko maita, ko bakin wani. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, su ma laifin wani suka nema, nasa ko na iyayensa. Yesu ya kawar da zancen duka. Likitoci sun san wasu dalilai: tagwaye, hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyi, ƙarancin jini, ciki a ƙuruciya, kunika, ko haihuwar bakwaini a baya. Sau da yawa kuma abin yakan zo wa macen da ta kiyaye kome. 'Yar'uwa, ba hukunci ba ne. Kada gidan Kirista ya rabu saboda zargi a ranar da ya fi bukatar haɗin kai.

Aikin maigida da na ikkilisiya

Gadi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Nehemiya ya tsayar da jama'a iyali iyali, ya kuma sa mai ƙaho kusa da shi don a taru inda aka ji busa. Maigida, tun ciki yana wata shida ka yi naka shiri. Ka san asibitin da za ku je, da wanda yake aiki da dare. Ka yi magana da mai mota ko mai keke wanda zai amsa waya a kowane lokaci. Ka ware kuɗi a wuri ɗaya, kada a taɓa. Ka san wanda zai iya ba da jini idan an bukata. Ka kuma faɗa a gaban iyayenka da 'yan'uwanka cewa idan ba ka gida, ba sai an jira izininka ba. Akwai matan da suka kwana suna ciwo domin maigida yana gona ko yana tafiya, kowa kuma yana tsoron ya yanke shawara.

Katin awo ya zauna a cikin jaka, tare da zane da kayan jariri. A wuraren da akan sami tashin hankali ko dokar hana fita, ko inda rafi yakan cika ya raba ƙauye da gari, ya fi kyau mace ta koma wurin dangi kusa da asibiti idan an riga an ga alama sau ɗaya.

Ga wani abu kuma da ya shafe mu ƙwarai. Yawancinmu muna da yarenmu na gida, Hausa kuwa ta sujada ce da kasuwa. Mace tana cikin ciwo da tsoro, bakinta yakan koma yaren uwarta. Saboda haka wadda za ta raka ta, ta zama mai jin yaren gida da Hausa ko Turanci, don ta bayyana wa nas daidai lokacin da abin ya fara, da launin ruwan, ta kuma fassara abin da likita ya ce. Kada a ji nauyin tambaya. Muna roƙon matasa da suka karanta wannan jawabi su zauna su bayyana shi ga kakanni da surukai da yaren gida, gama su ne sukan fara yanke shawara idan dare ya yi.

A cikin 1 Sama'ila sura 4 mun ga matar Finehas, cikinta ya tsufa, aka kawo mata labarin an ƙwace akwatin alkawari, mijinta da surukinta kuma sun mutu. Nan take naƙuda ta kama ta. Matan da ke wurin suka yi ta ba ta baki, amma hankalinta bai kai kan maganarsu ba. Wannan ya koya mana mu yi hankali da yadda muke kai wa mai ciki mugun labari. Ya kuma koya mana cewa faɗar "kada ki damu" kaɗai ba ta isa ba. Dubi Maryamu a Luka sura 1. Da ta ji Alisabatu tana wata na shida, sai ta tashi ta tafi, ta zauna da ita wajen wata uku. Zumuntar mata, ga hidimarku nan. Ku raba kwanaki: wata ta ɗebo ruwa, wata ta yi daka, wata ta kwashe yara, wata ta zauna hira. Idan ikkilisiya ta sa azumi dominta, ku yi mata, ita kuwa ta ci ta sha.

Kwanakin jira

Sau da yawa abin da ya fi wuya shi ne bayan an dawo gida. Kowane motsi sai gaba ya faɗi, barci ya ƙi zuwa. 'Yar'uwa, tsoron nan ba zunubi ba ne. Dauda ma ya ji tsoro, ya kuma faɗa wa Allah a fili. A Filibiyawa sura 4 Bulus ya nuna mana inda za mu kai damuwa: mu mai da ita roƙo, mu haɗa da godiya. Ga wata hanya mai sauƙi. Ki sami kalanda, kowace safiya ki ja layi a kan ranar da ta wuce, ki gode wa Allah domin jaririn ya ƙara kwana ɗaya a ciki. Ki roƙi alherin yau kaɗai. Ki sa wani ya karanta miki Zabura 139, inda za ki ji cewa Allah yana ganin ɗan da yake saƙawa a ɓoye, ya kuma san kwanakinsa.

Ki bar aiki mai nauyi, kamar faskare, da ɗaukar kaya a ka, da doguwar tsayuwa a rana. Amma kada ki kwanta yini guda ba motsi sai idan likita ya ce haka, gama yawan kwanciya yana iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ki sha ruwa sosai, ki kwana cikin gidan sauro, ki sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa a wurin awo. Ku tambayi likita game da kwanciyar aure, maigida kuma ya yi haƙuri da abin da aka faɗa. Kada ki fasa ranar awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. Idan alamun sun dawo, ki koma, ko da karo na uku ne.

Idan jariri ya zo duk da haka

Wani lokaci an yi addu'a, an yi gadi, jariri kuma ya zo da wuri. Ba a yi hasara ba. Bakwaini yana bukatar ɗumi, da nonon uwa, da tsabta, da taimakon numfashi idan ya kasa. Akwai wata dabara da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da kwalaben jarirai suka yi ƙaranci. Akan ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, da hula a kansa, a ɗaure da zane. Goyo ne, amma ta gaba. An gwada fara shi nan da nan bayan haihuwa a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, sakamakon da ya fito a 2021 kuwa ya nuna mutuwar ƙananan jarirai ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Uba ma yana iya yin wannan goyo, kaka ma haka, don uwa ta huta. Kada a yi gaggawar yi masa wanka, kada a ba shi ruwa ko jiƙo. Idan bai iya tsotso ba, a tatsi nono a ba shi yadda nas ta nuna.

Ba mu manta da waɗanda suka koma gida hannu wofi ba. Ba za mu yi muku alkawarin da Allah bai yi ba, cewa mai bi ba zai ga baƙin ciki ba. Abin da muka sani shi ne Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ya kuma rungumi ƙananan yara. Ikkilisiya ta yi makoki tare da ku, kada kowa ya ce ai bai zama mutum ba tukuna.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da rai. Muna kawo maka kowace 'yar'uwa da ke kwance yau da tsoro a zuciyarta. Ka riƙe abin da ke cikinta har lokacin da ka shirya. Ka ba masu gida hikima da saurin tashi, ka ba likitoci da ungozomai basira da tausayi, ka buɗe hanya ga waɗanda suke nesa da asibiti. Ka ta'azantar da masu makoki. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.